Ajiya ce ko ɓoyewa?

Ɗalibi daga Tudun Wada: Jama'a, kwana uku ke nan ina fama da sauke hotunan taurari don aikin kammala karatuna, data ta ƙare mini sau biyu, ga shi wuta ba ta zama. Madubin hangen nesa na Vera Rubin da ke ƙasar Chile yana tara bayanai kimanin terabait 20 (gigabait dubu 20 ke nan) a kowane dare, a kwashe ta wayar fiba zuwa Kaliforniya da ke Amurka, mu kuwa ko ƙyallinsa ba mu gani ba. Wannan ɓoye wa talaka ilimi ne.

Injiniya daga Barnawa: Ƙanena, kalmar ɓoyewa ta yi nauyi, domin wanda ya zuba hatsi a rumbu ajiya ya yi, kuma Faransa da Ingila ma suna cikin masu sarrafa bayanan.

Malama daga Kawo: Injiniya, rumbun da makullinsa ke aljihun wasu fa? Masanan Amurka da Chile da abokan hulɗarsu ne ke da damar cikakkun bayanan har shekara 2 kafin a sake wa kowa, sanarwar abin da ya canza a sama ce kaɗai ake fitarwa nan take.

Injiniya: To, Malama, abin da aka sa wa ranar buɗewa sunansa jinkiri.

Mai gyaran kwamfuta: Ranka ya daɗe, ko sun buɗe yau, ina za ku zuba shi? Hoton baƙin rami (wuri a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce masa) da aka fitar a 2019 ma, faifan ajiyar bayanan da aka haɗa shi da su aka loda a jirgin sama saboda intanet ba za ta ɗauka ba. Jiya aka kawo mini faifan terabait 1 da ya mutu da hotunan biki a ciki.

Malama: Ai ku masu gyara ne ke ƙarasa faifan, nawa ma a hannun irinku ya lalace.

Mai gyaran kwamfuta: Hajiya, ba a shagona ba dai.

Shugaban zaure: Na rufe wannan magana. Yayana Injiniya ya gamsar da kowa cewa ajiya ce, Malama kuwa haushin faifanta ne ya kawo ta. Ɗalibi ya riƙa sauke hotunansa da tsakar dare.