Neman kalma: me za mu kira "industrial park" da Hausa?

Mai fassara a gidan rediyo, Kano:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata ta sake tasowa. Labari ne daga Ingila, wai majalisar wata ƙaramar hukuma ta amince da tsarin gina abin da suke kira industrial park a bayan garinsu. A labaranmu kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce rukunin masana'antu, wancan ya ce yankin masana'antu, wani ya ce dandali, har na taɓa jin wanda ya karanta "wurin shaƙatawar masana'antu" da bakinsa, Allah ya ba mu haƙuri. Ina so mu tsaya a kan guda ɗaya, wadda idan manomi a Ɓagwai ya ji a rediyo zai san abin da ake shirin yi da ƙasar da ke kusa da gonarsa. Bismillah.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Wa alaikumus salam ɗana. Mu dai da muka yi aiki a ciki ba mu taɓa wahalar da kanmu ba. Kakuri muke cewa. Mutumin Kano ya ce Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a Kakuri ta Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, sauran masaƙu suka biyo baya, sunan unguwar ya wadatar. In dole sai an sa suna, a ce unguwar masana'antu. Kowa ya san unguwa.

Malamar Hausa, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka gaskiya ce a kan Kakuri, amma ina ganin a nan ne matsalar take. Unguwa wurin zaman mutane ce, mai masallaci da mai shayi da mai unguwa. Kakuri ta cancanci sunan, domin masaƙu da gidajen ma'aikata sun cakuɗe tun da daɗewa. Abin da ɗan'uwanmu yake tambaya a kai kuwa fili ne da aka auna tun kafin a ɗora bulo ko ɗaya, aka kewaye, aka ja titi da wuta da ruwa da magudana, aka naɗa hukuma ko kamfani guda mai kula da shi, sannan aka ce masu masana'antu su zo su kama fuloti ko rumfa haya. Ba a kwana a ciki sai masu gadi. In muka kira wannan unguwa, mun ɓatar da abin da ya bambanta shi da sauran.

Ni rukunin masana'antu na fi so. Mun riga mun saba da rukunin gidaje, kamar Kundila a Kano, kuma kunne ba ya ƙin sa.

Ɗan jarida, Abuja:
Malama, ni ma shi nake rubutawa, amma yana da rauni guda. Muna cewa rukunin kamfanonin Ɗangote, muna nufin kamfanoni da yawa na mutum ɗaya, ɗaya a Obajana, ɗaya a Legas, ɗaya a Numan. To idan na rubuta "gwamna ya ziyarci rukunin masana'antu", mai karatu bai sani ba ko wuri ne, ko dukiyar wani attajiri ce. Rukuni taro yake nunawa, ba ƙasa ba. Kuma a matakin da labarin nan yake, babu masana'anta ko ɗaya a wurin. Ciyawa ce da turakun awo. Rukunin me aka amince da shi?

Wani ɗan kasuwa, Kumasi:
Ku gwada zango mana. Zangon masana'antu. Wuri ne da aka ware a bayan gari domin baƙi masu sana'a su sauka.

Malamar Hausa, Zariya:
Alhaji, kai da kake Kumasi ka fi mu sanin cewa zango a Gana ya zama sunan unguwar mutanenmu. A nan kuma zango wurin yada kaya ne a kwana a tashi, na fatake da ayari, ga kuma zangon karatu. Ba ma so masu zuba jari su ji an ce musu 'yan kwana ɗaya ne, ko da yake wasunsu hakan suke yi da zarar wa'adin sassaucin haraji ya ƙare.

Mai fassara a gidan rediyo, Kano:
Dandali fa? Ban ji wanda ya kare shi ba.

Ɗan jarida, Abuja:
Bar shi ya huta. Dandali na 'yan mata ne da gaɗa, sai kuma na sada zumunta. An riga an yi masa lodi fiye da ƙima.

Mai awon filaye, Katsina:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, domin ina ganin amsar tana cikin tarihin kalmar. Bahaushe idan ya ji park, tasha ce ke fara zuwa masa, ko wurin wasan yara ranar sallah. A asalin Turancin Ingila kuwa, park yanki ne na ƙasa da wani basarake ya kewaye ya ajiye barewa domin farauta. Wurin da aka fi ambata a matsayin na farko da aka tsara musamman domin masana'antu shi ne Trafford Park, kusa da Manchester, a 1896. Ƙasar wani gidan sarauta ce, mai dabbobin dawa a ciki. Da aka haƙa mashigin jiragen ruwa na Manchester, wanda aka buɗe a 1894, ya bi ta gefenta, sai aka sayar da ita, kamfani guda ya riƙe, yana yanka wa masu masana'antu. Kamfanin motoci na Ford ya buɗe masana'antarsa a can a 1911. 'Yan ƙwallo kuma, filinku na Old Trafford yana maƙwabtaka da wurin, kada ku ce ban gaya muku ba.

To mu me muke kiran ƙasar da sarki ya keɓe? Gandu. Gandun sarki. Me muke kiran dajin da hukuma ta shata ta hana shiga? Gandun daji, kamar Yankari da Falgore. Shawarata ita ce gandun masana'antu.

Kuma ba shatar iyaka kaɗai ba. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san tsarin gandu: ƙasa ɗaya ƙarƙashin maigida ɗaya, shi ne da kayan aiki da ciyarwa da biyan haraji, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa don kansa. Haka wurin nan yake. Mai gandu shi ne da titi da taransifoma da matatar gurɓataccen ruwa da tsaro, kowane kamfani kuma da fulotinsa da ribarsa. Ku dubi na Hawassa a Habasha da aka buɗe a 2016. Gwamnati ce ta gina rumfunan, ta sa matatar ruwa guda ta kowa da kowa, kamfanonin ɗinka tufafi suka zo da kekunansu kawai.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Ɗana, kalmarka tana da daɗin faɗa, amma ka san su wa suka noma gandun sarki? Bayi ne. Ni da na yi shekaru a gaban inji ba na so jikana ya ce yana aiki a gandu. Akwai abin da kunnen tsoho yake ji wanda naku ba ya ji.

Mai awon filaye, Katsina:
Baba, ban musa ba, haka tarihi yake. Sai dai kalmar ta daɗe da wuce nan. A Kano akwai Gandun Albasa, mutane suna rubuta shi a adireshinsu ba wanda ya ji kunya. Jami'in gandun daji ma'aikacin gwamnati ne mai albashi da kaki. Kuma ɗan da yake cikin gandun mahaifinsa ba bawa ba ne, magaji ne.

Malamar Hausa, Zariya:
Na sauko daga kan rukuni. Abin da ya ja ni shi ne gandu yana aiki ko da ba a gina komai ba. Gandu ƙasa ce, tun ranar da aka shata ta gandu ce. Ga jam'i a shirye, gandayen masana'antu. Ga mai gandu, ga hukumar gandu, ga 'yan hayar gandu. Kalmar da take haihuwa da kanta haka ba a wasa da ita.

Amma kada mu kori sauran. A bar wa Baba unguwar masana'antu, ta dace da Kakuri da Bompai, inda gari ya riga ya haɗiye masana'antun. Yankin masana'antu kuma ya zauna a matsayin kalmar gama-gari, ta masu zanen taswirar gari.

Ɗaliba, Maraɗi:
Ina wuninku iyayena. Mu a nan Faransanci ya ba mu zone industrielle, akwai ta a Yamai, kuma masu labarai suna cewa yankin masana'antu. Gandu kuwa a karkarar Maraɗi kalma ce ta yau da gobe, babbar gonar gida ke nan, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Tambayata ɗaya: wuraren da ba a biyan kuɗin kwastan fa, kamar na Maigatari a kan iyakarmu? Su ma gandu ne?

Ɗan jarida, Abuja:
Ƙanwata, wannan wani abu ne daban, kuma gara da kika tambaya domin ana yawan haɗa su. Na Maigatari a Jigawa, da na Fanisau a Kano, da na Kalaba, da na Lekki inda matatar man Ɗangote take, abin da ya bambanta su doka ce, ba katanga ba. Suna ƙarƙashin tsarin yankunan da dokar 1992 ta kafa, wadda ta samar da hukumar NEPZA mai kula da su, kuma kayan da aka shigar ciki kamar ba su shigo Najeriya ba ne a idon kwastan. Waɗannan a ci gaba da ce musu yankin ciniki maras shinge. Gandu zai iya samun wannan matsayi, zai iya rasa shi.

Lauya, Kano:
Kun gama da rabin jimla kun bar rabin da ya fi haɗari. "Ƙaramar hukuma ta amince." A Ingila wannan magana tana da nauyi, domin tun dokar tsara birane ta 1947 ba a yin babban gini sai da izini, kuma majalisun ƙananan hukumomi ne suke bayar da shi. Kansiloli su zauna, a karanta ƙorafin mazauna wurin a kan hayaniya da manyan motoci da ambaliya, a kaɗa ƙuri'a. In sun ƙi, mai gini sai dai ya ɗaukaka ƙara.

A Najeriya ba haka ba ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Filayen birni shi ne mai ba da takardar mallaka. Ƙaramar hukuma tana da iko a kan filayen karkara, tana ba da takardar mallaka ta gargajiya, amma ko a nan an sa mata linzami: ba ta wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba tare da yardar gwamna ba. Izinin gini a birnin Kano na KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha. Babban aiki irin wannan kuma wata dokar daban ta 1992 ta wajabta a binciki illarsa ga muhalli kafin a fara, wannan kuwa a hannun tarayya yake. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi ne, bai ƙara wa ciyaman iko a kan ƙasa ba.

Shi ya sa nake roƙon masu fassara su raba kalmomi biyu. Inda hukuma take da ikon cewa e ko a'a, a ce ta sahale, ko ta ba da izini. Inda kawai an kira ciyaman da hakimi da dagatai an gaya musu, suka ce to, a ce sun amince ko sun goyi baya. Manomin da ya ji "ƙaramar hukuma ta ba da izini" zai kwashi takardunsa ya tafi sakatariya neman diyya, alhali wanda ya soke mallakarsa yana gidan gwamnati. Kuma ya sani, diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da itatuwa da amfanin gona da ke kai, ba ta ƙasar kanta ba.

Mai awon filaye, Katsina:
Barista ya taɓo inda ke ciwo. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake son gandu: duk wanda ya ji an ce gandu zai tambaya, na wa? Yanki ba shi da mai shi. Ku je Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, ku tambayi masu noman rani a bakin kogi game da ruwan da ke fitowa daga majemun fata. Shekara da shekaru ana magana a kai. Inda akwai mai gandu guda, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Don haka ma kada mu yi saurin ba kowane fili wannan suna. In an kafa allo aka yanka ƙyalle, amma babu mai kula da wuta da ruwa da magudana, filin da aka keɓe ne kawai, a faɗe shi haka.

Mai fassara a gidan rediyo, Kano:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Ga yadda zan karanta na Ingila: "Majalisar ƙaramar hukumar ta sahale a kafa gandun masana'antu a bayan garin." A karon farko zan ƙara da cewa, wato filin da aka tsara musamman domin masana'antu ƙarƙashin kulawa guda, har kunne ya saba. In labarin na gida ne, sai na fara duba wa ya sa hannu kafin in zaɓi tsakanin sahalewa da amincewa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Ku karanta, zan saurara. Ni dai ban sauko ba, Kakuri unguwa ce.

Malamar Hausa, Zariya:
Baba, ai mun bar maka ita tun ɗazu. Wanda yake da lambar 'yan sashen Hausa na sauran gidajen rediyo ya tura musu, kada gobe mu ji tashar masana'antu.