Notin taya ya mulmule: walda ko huji?

Direban Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Corolla ce, tayar gaba ta hagu, rim ɗin alminiyam. Noti huɗu sun fita, na biyar kansa ya mulmule, sifana 21 sai zamewa take. Mai walda ya ce sidi 50, kuɗin Ghana, zai liƙa wani noti a kai ya kwance. Wani fita (makanike) a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce 150, zai huda ya sa sabon sitod, wato ƙusar da noti ke hawa. Jibi da asuba zan kama hanyar Tamale. Wanne zan bi?

Masta Tafo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka bi ko ɗaya tukuna. Ka mayar da huɗun nan ka ɗaure su sosai, su ɗauke wa na biyar nauyi, ka sauke motar daga jak. Nemi soket mai kusurwa shida, 20, ba mai sha biyu ba, mai sha biyun ne ke cinye kan noti. Buga shi da guduma har ya zauna daram. Sa doguwar sanda, ka ƙara bututu kamar mita ɗaya, ka danna a hankali, ban da fizga. Soket ɗin ya tafi sadaka, amma rim ya tsira.

Baban Asawase:
Zuba man birki ka bar shi ya kwana, da safe ka juya zuwa dama. Zaren ɓangaren hagu baibai yake.

Masta Tafo:
Baba, wannan sai manyan motoci irin Canter da Isuzu, kuma za ka ga harafin L a kan sitod. Corolla duk ƙafa huɗu hagu ake kwancewa. In ya juya dama, karya sitod zai yi. Man birki kuma yana cin fenti, kuma matsalarsa ba tsatsa ba ce.

Alhaji Mai Sprinter:
Ku bar maganar noti, tushen matsalar masu faci ne da bindigar iska. An ɗaure wa wata motar haya ƙafar baya da bindiga ba awo, ba a ma fara ɗaurawa da hannu ba, zare ya hau zare. Bayan Techiman kusoshi biyu suka tsinke, ramukan rim suka zama kamar ƙwai, fasinja cike. Allah ne ya kiyaye. Rim, kusoshi, ja da mota, kwana uku ba aiki, mai facin ya ce shi iska kawai ya sani. Ƙarfen da aka ja ya wuce ƙima ya riga ya miƙe, ko ya kwance lafiya a jefar da shi.

Ɗan Sabon Zongo:
Alhaji, sun ɗauka taya ma ta yi laifi ne, shi ya sa suke harbinta.

Alhaji Mai Sprinter:
Yaro, rai ake magana.

Mai Walda Alabar:
Walda tana fitar da shi, zafin ma yana saki zaren. Amma sharaɗi uku: a cire kan batir, a sace iskar tayar gaba ɗaya a cire bawul, a rufe rim da jiƙaƙƙen tsumma. Zafi a kan taya mai iska na iya fasa ta a fuskar mutum. Kuma ramin noti a rim ɗin alminiyam yana da zurfi, hannun da bai ƙware ba zai ƙona gefe. Sidi 50 ta yi araha, aikin 80 ne.

Masta Tafo:
Kowa gonarsa yake yabo. Direba, duba abu ɗaya: in ka juya notin yana zagayawa bai fitowa, sitod ne ya kwance daga hob, ƙarfen da taya ke zama a kai, nan kam sai huji. A fara da ƙaramin bakin diril a tsakiya, a riƙa ƙarawa har notin ya rabu. Sannan a cire kalifa (mariƙin birki) da faifan birki, a buge guntun sitod ɗin, a jawo sabo da washa da noti. Sitod na Toyota milimita 12 ne mai zare 1.5, na Nissan 1.25, kar a sayar maka da shi don ya yi kama. Ɗauri Nm 103 a sifana mai awo, a tsallake-tsallake, ban da giris. Ka sake dubawa bayan kilomita 50.

Baban Asawase:
150 fashi ne, sitod bai wuce sidi 20 ba.

Mai Walda Alabar:
Yaushe rabonka da Magazin, Baba? Na asali da aka ciro daga tsohon hob 40 ne. Na 20 ɗin nan ɗauri biyu zarensa ya zube.

Hajiyar Kejetia:
Masta, ni tambayata, me ya sa motocin hom yus, tsofaffin da ake shigowa da su daga waje, ke zuwa da notin sirri (na hana satar taya) babu makullinsa? Dillali ya karɓi kuɗinsa cif, sai taya ta yi faci a hanya mutum ya gane.

Alhaji Mai Sprinter:
Hajiya, a tashar jirgin ruwa ta Tema ko gareji ake kwashe su, har jak da sifana. Kafin ki biya, sa a kwance kowace taya a gabanki.

Direban Aboabo:
Masta, soket 20 ɗin mai kusurwa shida, a wane layi zan samu a Magazin?