Wane suna za mu raɗa wa ƙwaron nan mai wari?

Mai tambaya: Jama'a, ina rubuta bayani ga manoma na ci karo da ƙwaron da Turawa ke kira stink bug, mai ruwan ƙasan nan da ya addabi Amurka. Na rubuta "ƙwaro mai wari", sai na ga ai kuɗin cizo ma wari yake idan aka murtsuke shi, kyankyaso ma haka. A taimaka da sunan da zai keɓe shi.

Wata 'yar uwa daga Amurka: Ƙanena, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Da sanyi ya fara shigowa suke cika mana gida, ta tsagin taga da ƙarƙashin ƙofa, su lafe bayan labule har sanyin ya wuce. Shekarata ta farko na take guda da silifa, na kwana ina wanke silifan. Ba ya cizo, ba ya cin tufafi, warin ne kawai makaminsa, kuma daga wasu 'yan kafofi a ƙirjinsa yake fitowa. Ni "ɗan tusa" nake ce masa.

Mai tambaya: Yaya, wannan suna ba zai shiga takardar manoma ba!

Malamin gona: A fara duba siffarsa tukuna. Bayansa kamar garkuwa, faɗi a kafaɗa, tsini a ƙasa, tsawonsa bai kai santimita 2 ba, launinsa ruwan ƙasa mai roɗi-roɗi. Asalinsa Sin da Japan da Koriya. A garin Allentown na jihar Pensilbaniya aka fara tattara shi a 1998, a 2010 ya jawo wa masu gonakin tuffa na jihohin wannan yanki asarar dala miliyan 37. Bakinsa tsinke ne, yana soka ɗan itace ya tsotse, wurin ya lotsa ya yi tauri. Macen tana jera ƙwai wajen 28 a bayan ganye. To amma Amurka tana da nata mai ruwan ƙasa na asali, da ke cin auduga da masara da waken soya, kuma mutane na rikita su. Baƙon yana da fararen zobba a 'yan ƙahonnin nan biyu na kansa, na asalin Amurkan ba shi da su. Ni "ɗan garkuwa" na zaɓa.

Wani dattijo: Malam, garkuwa ta yi kyau a ido, amma Bahaushe da aikin abu yake raɗa masa suna. Dubi sha-mai, wanda ke tsotse man gyaɗa idan an tara ta a gona. Ba a ce masa dogo ko gajere ba. Kuma yara nawa ne yau suka taɓa ganin garkuwa in ba a hawan sallah ba? Muna da dabbar da ke kare kanta da wari, bodari. Ku ce "bodarin gona".

Malamin gona: Baba, na janye nawa. Sunan ma zai ɗauki dangin duka, har koren nan da ke tsotsar kwanson wake a gonakinmu, wanda duk mai roron wake ya san warinsa a yatsa. Sai a ce koren bodarin gona, a ce mai ruwan ƙasa.

Mai tambaya: Saura baƙon na Asiya. Mai roɗi ko mai zobe?

Malamin gona: Mai zobe. Roɗin sai ka ƙura ido, kuma duk kusan haka suke. Zoben ne ke raba gardama.

'Yar uwa daga Amurka: Yanzu na kama guda a kofi na duba, zobban na nan fari tas. Bodarin gona mai zobe ke nan, ko da yake nawa a falo yake noma.

Mai tambaya: Na rubuta haka. Yaya, kar dai ki take shi.