Jaridar ranar Thanksgiving: labari na saya ko talla?

Baƙon Ohio:
Salamu alaikum jama'a. Shekarata ta farko ke nan a Amurka. Jiya Alhamis, ranar bikinsu na Thanksgiving, na tsaya a gidan mai na ɗauki jarida, sai na ji kamar bulo na ɗaga. Da na zazzage ta a tsakar ɗaki, ita jaridar 'yar siririya ce, sauran duk takardun talla ne masu sheƙi na manyan kantuna: Walmart, Target, Best Buy, Kohl's, ga talabijin, ga takalma, ga tukwane. Kuma kuɗinta ya ɗara na kullum. To wa ke biyan wa a nan? Talla na saya da kuɗina ke nan?

Kawu Mai Rabon Jarida:
Wa alaikumus salam ɗana, barka da zuwa. Na yi shekaru ina raba jarida da asuba a nan, kuma daren da ake haɗa wannan fitowar shi muka fi tsoro, don bayan mota har zama yake yi. Ba gidan jaridar ke buga takardun nan ba. Kantunan ne ke buga abinsu su kawo a ɗaure, a biya jarida bisa kowane kwafi dubu da ta cusa a ciki, har su zaɓi unguwannin da za a kai. Jarida ba ta sayi takarda ba, ba ta sayi tawada ba, ladan dako kawai take karɓa, shi ya sa ribar ke da kauri. Washegari Black Friday ne, ranar da kantuna ke zaftare farashi, kowa na son ganin ragi kafin ya fita, don haka har wanda bai karanta jarida sai ya saya, su kuma su sa mata farashin Lahadi ko fiye.

Amma abin da ka gani saura ne. A 2005 tallan jaridun Amurka ya kai wajen dala biliyan 49, zuwa 2022 bai cika biliyan 10 ba. Kantuna sun koma tura raginsu ta waya.

Ɗan Fagge:
Kawu, mu nan gida ba kanti ke ciyar da jaridar biki ba. Duba fitowar Sallah, ko ta 1 ga Oktoba: shafi guda cur, hoton gwamna da babbar riga, ƙasa kuma ɗan kwangila ko shugaban ƙaramar hukuma na taya shi murna. Wani ma ya saye bangon gaba ɗaya, sai ka buɗe kafin ka ga kanun labarai. Shi mai tallan ba ruwansa da mu, mutum ɗaya yake so ya gani.

Maman Ilham:
Ni na taɓa gwada cusawar ana saura mako guda ƙaramar Sallah. Na buga takarda dubu biyu ta shagon atamfata, na biya wani mai rarraba jarida. Bayan kwana uku na sayi ƙosai, sai ga lambar wayata a jikin ƙunshin, mai ya jiƙe ta sharkaf. Duk mai son yi, ya je da asuba a cusa a gabansa.

Baƙon Ohio:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Kawu na gode. Matata dai ta riga ta kwashe takardun, ta zagaye wata tukunya da biro, ni ta bar min shafin wasanni.