Docker ya toshe wa na'urorin cikin gida intanet a sabar Debian 12

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Sabar tana kan Debian 12, da katin sadarwa biyu: enp1s0 yana karɓar intanet, enp2s0 kuma yana ba na'urorin ciki a 192.168.10.0/24. Dnsmasq ne ke raba adireshi da warware sunaye, Samba na raba fayiloli, nftables (mai tace zirga-zirgar sadarwa) kuma na yin masquerade, wato fitar da na'urorin ciki zuwa intanet da adireshin sabar. An sa net.ipv4.ip_forward=1 don sabar ta riƙa miƙa bayanai tsakanin katunan biyu. Komai lafiya lau, sai da aka girka Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe cikin kwantenoni.

Yanzu na'urorin suna samun adireshi, suna buɗe fayilolin Samba, har sunaye ma suna warwarewa, amma ping zuwa 1.1.1.1 shiru. Umarnin iptables -S FORWARD ya nuna -P FORWARD DROP, ma'ana ana jefar da duk bayanan da ke ratsa sabar in ba a ba su izini ba, wato aikin Docker ke nan. Na ƙara dokar accept a nawa teburin na nftables, ba ta yi komai ba, tunda drop a wani tebur mai kama hanya ɗaya shi ke yanke hukunci.

Abin haushin: idan na sake kunna nftables, layin flush ruleset da ke /etc/nftables.conf yana share dokokin Docker gaba ɗaya. Na'urorin ciki su samu intanet, kwantenoni kuma su rasa.

Shin a DOCKER-USER, jerin dokokin da Docker ke ware wa mai amfani, ya kamata in saka izinin enp2s0 zuwa enp1s0? In haka ne, ta yaya dokar za ta zauna bayan an sake kunna sabar, alhali Docker ne ke ƙirƙirar DOCKER-USER ɗin lokacin da ya tashi?