Wane ɗafi ya dace da sifa a ƙirƙirarren harshe mai jinin Jamusanci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina ƙirƙirar harshe wanda nake so Bajamushe da Baturen Ingila da mutumin Suwidin su fahimce shi ba tare da koyo mai tsawo ba, kuma na tsaya a kan ɗafa-ƙeyar da za ta mayar da suna sifa. Ina so in zaɓi guda ɗaya tsakanin -isk da -lik da -ig, domin nahawun ya yi sauƙi. Wanne kuke ba ni shawara?

Malam: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce kada ka zaɓi ɗaya, domin ukun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗafin -isk na asali ne da jinsi, shi ne ya zama -isch a Jamusanci, -ish a Ingilishi, -sk a harshen Suwidin, har sunan Deutsch, wato Jamusanci, ma daga gare shi ya fito, ma'anarsa ta farko kuwa "na jama'a". Shi -lik daga tsohuwar kalmar da ke nufin jiki ko siffa ya samo tushe, wadda ta rage a Jamusanci a matsayin Leiche, wato gawa, saboda haka aikinsa nuna kama. Shi kuma -ig yana nuna abin da abu yake ɗauke da shi, kusan yadda mu muke cewa "mai gishiri", Bajamushe ya ce salzig.

Yaya: Ina goyon bayan Malam, kuma ga hujjar da ta fi ƙarfi a wurina. Bajamushe yana bambanta kindlich da kindisch: na farko yana nufin halin yaro na tsarkin zuciya, na biyu kuwa zargi ne ga babba mai yarinta. Idan ka haɗe su, ka rasa wannan bambanci, sai ka koma kana ƙara kalmomi don gyara abin da ka ɓata.

Baba: Ni kam ina ganin kuna tsananta wa yaron nan. Harshen da aka yi don sauƙaƙa zance tsakanin al'ummomi ba sai ya kwashi duk kayan gado ba. Elias Molee, Ba'amurke ɗan asalin Norway da ya fitar da ƙirƙirarren harshen Tutonish a 1902, sauƙi ya nema, haka ma masu Folkspraak, wani ƙirƙirarren harshen irinsa, da suka fara aikinsu a intanet a 1995. Biyu sun isa, -isk da -lik.

Malam: Baba, na yarda biyu za su iya wadatarwa, amma ya rubuta -isk, kada ya rubuta -isch. Sigar sk ita ce tsohuwa, tana nan a Gotik, wani tsohon harshe ɗan'uwan Jamusanci na ƙarni na 4, kuma mutanen Holan da kansu sun daina rubuta Nederlandsch, sun koma Nederlands. Sannan ya yanke hukunci tun yanzu ko wasalin tushe zai canja, kamar yadda Tag (rana) ke zama täglich (na kullum). Ni da zan bar tushen yadda yake.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan riƙe -isk da -lik, in gwada -ig a kan kalmomi ashirin kafin in yanke. To bayanau fa, in ba shi ɗafi nasa kamar -ly na Ingilishi?

Yaya: A'a, ka bi Jamusanci, inda schnell ke zama sifa (mai sauri) da bayanau (da sauri) duka.