Dan Allah a taya ni tuno jarumai mata na tsofaffin finafinai da katun

Maman Husna

Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya ce ta tsaya min a rai tun jiya da daddare. Muna kallon Indiana Jones and the Temple of Doom, na 1984 ɗin nan, ni da 'yata mai shekara 13, to kun dai san Willie Scott, macen da ke tare da Indiana a fim ɗin, tunda aka fara har aka tashi ihu take, ta ga ƙwaro ihu, ta ga jemage ihu, sai an jawo hannunta take motsawa. Can sai yarinyar ta juyo ta ce Umma wai duk matan finafinan da haka suke, sai dai a zo a cece su? Na ce mata a'a, ta ce to lissafo min uku, wallahi Mulan kaɗai ta faɗo min a lokacin.

Abin da ya sa ya dame ni, Husna tana son zane sosai, bayan littattafanta duk zanen 'yan katun ne, kuma na daɗe da lura duk wanda ke riƙe da takobi ko yake tuƙa jirgi a zanenta namiji ne, matan suna can gefe a tsaye. Dan Allah masu dogon kallo ku taimaka min da sunaye, fim ko katun ko komik, amma na da nake so ba na yanzu ba, kuma wadda ita ce ƙashin bayan labarin ba 'yar rakiya ba.

Tsohon Ɗan Kallo

Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba ki yi nisa ba ma, ki koma baya fim ɗaya kawai, Raiders of the Lost Ark na 1981, akwai Marion Ravenwood wadda Karen Allen ta fito. Farkon ganinta ita kaɗai take riƙe da wurin kasuwancinta a tsaunukan Nefal, Indiana na shigowa ta tarbe shi da naushi saboda tsohon laifin da ya yi mata, kuma da wurin ya ƙone ba ta zauna kuka ba, ta ɗaga tambarin mahaifinta ta sanar da shi cewa daga yau tare za a yi tafiyar. Gaskiya daga baya an yi ta kama ta ana ɗaurewa, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne, wa ya yanke shawarar da ta juya labarin? Ɗauki Leia a Star Wars na 1977. Ita ta ɓoye taswirar babban makamin abokan gaba a cikin mutum-mutumin nan R2-D2, da ba ta yi haka ba babu fim ɗin gaba ɗaya. An azabtar da ita ba ta faɗi inda 'yan tawaye suke ba, aka yi mata barazana da duniyarsu Alderaan ta ba su sunan wurin da an riga an tashi daga shi. Waɗanda suka zo ceton nata kuma ba su shirya hanyar fita ba, ita ta fizge bindiga ta fasa musu hanya ta ramin shara. Carrie Fisher shekararta 19 lokacin da aka ɗauki fim ɗin fa.

Amma wadda ta fi tsaya min ita ce Ripley a Alien na 1979, kuma ba wajen faɗa ba. Lokacin da aka dawo da abokin aikinsu Kane jirginsu na sararin samaniya da wata halitta manne a fuskarsa, kyaftin da kansa yana ba ta umarni ta buɗe ƙofa, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce dokar killacewa awa 24 ce ba za ta buɗe ba, kowa yana ganin rashin imaninta, Ash, jami'in kimiyyar jirgin, ya zagaya ya buɗe, kuma wannan buɗewar ce ta cinye kowa a jirgin sai ita da kyanwa. Sai dai Hajiya kar ki kunna wa Husna wannan yanzu, akwai ban tsoro da jini, ki bari ta ƙara girma. Wanda za ku iya kallo tare yau ɗin nan shi ne The African Queen na 1951, Katharine Hepburn ta fito a Rose, mace mai natsuwa wadda ba ta taɓa riƙe makami ba, amma ita ta kawo shawarar su bi kogi su nutsar da jirgin yaƙin Jamus, ta juye wa matuƙin giyarsa kaf a ruwa, ta koyi riƙe sitiyarin kwale-kwalen a cikin ambaliya.

Zee Mai Zane

Anti tunda kin ce tana zane ni ta ɓangaren nan zan shigo, dan nima haka na fara. Kafin komai ki nemo mata Nausicaä of the Valley of the Wind, katun ɗin Japan na Hayao Miyazaki, 1984. Dan Allah ki fara da shi. 'Yar sarki ce a wani ƙaramin kwari, duniya ta lalace, daji mai guba yana ta cin ƙasa ga wasu manyan ƙwari da kowa ke tsoro, kowace masarauta tunaninta a ƙone dajin. Ita kuwa ashe tana da wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda take shuka tsirran dajin da ruwa mai tsabta da ƙasa mai tsabta, har ta gano ba tsirran ne ke da guba ba, ƙasar ce mutane suka ɓata. Yarinya mai bincike kenan, ga ta kuma gwanar tuƙa ɗan jirginta na iska. Akwai wurin da wata 'yar dabba ta cije ta a yatsa dan tsoro, ba ta janye hannu ba har dabbar ta saki da kanta ta koma lasar wurin, ni duk fim ɗin yana cikin wannan minti ɗayan. Kuma ba a mai da ita waliyyiya ba, da aka kashe babanta ta fusata ta kashe sojoji da hannunta, daga baya ita da kanta ta tsorata da abin da ta aikata. Miyazaki ya fara zana labarin a komik tun 1982 bai gama ba sai 1994, idan Husna ta ga yadda yake zana iska da fukafukai za ta daɗe tana kwaikwaya.

A komik ɗin Amurka kowa Wonder Woman zai ce, ta fito 1941, William Moulton Marston ya ƙirƙire ta H. G. Peter ya zana. Ina sonta amma abin haushi da aka saka ta a ƙungiyar Justice Society sakatariya aka ba ta, mace mai ɗaga mota fa, maza su tafi yaƙi ita tana hedikwata. Haka Sue Storm ta Fantastic Four, tun 1961 ana kiranta Invisible Girl, wato yarinya, har ta yi aure ta haihu, sai 1985 aka sauya sunan ya koma Invisible Woman.

Tawa ita ce Storm ta X-Men, 1975, Ororo Munroe. Mamanta 'yar Kenya, babanta Ba'amurke mai ɗaukar hoto, gini ya rufto musu a Alƙahira tana ƙarama iyayen suka rasu ita ta kwana a ƙarƙashin ɓaraguzai, shi ya sa har ta girma tana tsoron matsattsen wuri duk da tana juya hadari da walƙiya. Akwai lokacin da ta rasa ƙarfinta gaba ɗaya, a haka ta kara da Cyclops, mai harba haske daga idonsa wanda sai da gilashi yake iya sarrafa shi, kan shugabancin ƙungiya a fitowa ta 201, 1986, ba ta da komai sai dabarar da ta koya tana yawon titi, ta lallaɓa ta fizge gilashin idonsa shi kenan ta ci. Matsalar kawai kayan da masu zane suke saka musu Anti, wasu zane-zanen sai kin tace.

Kawu Iro

To duk kun tafi Amurka da Japan kun bar Indiya da Hong Kong. Shekara shida kafin a san wata Wonder Woman, a 1935, an yi Hunterwali a Bombay, mace da abin rufe fuska da bulala tana hukunta azzalumai, tana dira daga kan gini tana ɗaga ƙato ta yar. Sunanta Mary Ann Evans, haihuwar Ostireliya, aka fi saninta da Fearless Nadia, daga wasan sakos ta fito kuma da jikinta take yin duk abin haɗarin ba wanda ke shigar mata. Sannan Seeta Aur Geeta na 1972, Hema Malini ta fito a tagwaye, ɗaya ana gallaza mata a gida ɗaya 'yar wasan titi ce ba kanwar lasa ba, suka yi musanyen wuri, ranar da Geeta ta karɓe bel daga hannun mai dukan 'yar uwarta ta rama mata ban san wanda ya kalla bai ji daɗi ba. Wannan Husna za ta so shi.

Kuma ni ban yarda a riƙa rage darajar faɗan ba kamar yadda na ga Malam na sama yana yi. Faɗan ma aiki ne, shekaru ake yi ana koya. Cheng Pei-pei rawa ta koya kafin ta fito a Come Drink with Me na 1966, ita aka tura ta ƙwato yayanta daga hannun 'yan fashi, kallabi tsakanin rawuna, tana zaune a masauki sun zagaye ta ko gezau. Michelle Yeoh ita ma daga rawar bale ta fito, a Police Story 3 na 1992 ta hau babur ta dira da shi kan jirgin ƙasa yana tafiya, da gaske ba haɗin kwamfuta ba, a fim ɗin Jackie Chan amma fitowarta mutane suka fi tunawa. Yarinya ta ga wannan ta san jikin mace ma yana iyawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Anti Bilki

Maman Husna ni ina ganin 'yarki ba ta yi kuskure ba fa, ta ga abin da yake akwai ne. Duk sunayen nan da aka jero tsintar su aka yi ɗaya-ɗaya a cikin ɗaruruwan finafinan da mace ba ta da aiki sai ihu. Kuma ko su ɗin ku duba yadda ake ƙarewa da su. Leia da Malam ya yaba, zuwa 1983 an tuɓe ta an sa mata sarƙa a wuya a gaban Jabba, dodon da ya kama ta. Come Drink with Me da Kawu ya kawo, rabin ƙarshe labarin ya koma kan namijin, ita tana jinya. Mu kanmu a bakinmu in mace ta yi jarumta sai mu ce ta yi ta maza, ko ta yi namijin ƙoƙari, to ina yarinya za ta zana mace da takobi?

Mulan da kika tuna kar ki raina ta. Ki gaya wa Husna ba Disney suka ƙirƙiro ta a 1998 ba, tsohuwar waƙar Sin ce mai shekara sama da dubu, a cikinta ta yi shekara 12 a soja abokan yaƙinta ba su gane mace ba ce, da sarki ya yi mata tayin muƙami ta ce ita abin hawa kawai take so ya kai ta gida. A katun ɗin ma abin da nake so shi ne ba da ƙarfi ta ci ba, a horon soja nauyin nan biyu da aka ce a hau doguwar sanda da su, kowa ya ɗauka kaya ne, ita ta harɗe su ta hau sandar da su, igwa ɗaya da ta rage kuma ba ta harbi bos ba ta harbi dusar ƙanƙarar kan dutse ta rufto wa rundunar gaba ɗaya.

In ta kai 15 ko 16 ki nuna mata Princess Mononoke na 1997 saboda Eboshi. Mace ce shugabar garin maƙera, ta fanshi matan da aka sayar ta ba su aiki da murya, ta ɗauki kutare da kowa ya guda ta kula da su, kuma ita ɗin ce dai take sare daji tana kashe abin da ke cikinsa. Har yau ban gama yanke mata hukunci ba, kuma na fi son irinta a kan jarumar da ba ta taɓa laifi.

Tsohon Ɗan Kallo

Hajiya Bilki maganarki gaskiya ce kan shigar da aka yi wa Leia, ban kare ta ba. Abu ɗaya kawai zan ƙara, sarƙar nan da aka ɗaure ta da ita da ita ta shaƙe Jabba har ya mutu, ba jaruman maza Luke ko Han ba. Kawu Iro kuma na karɓi gyara, babur ɗin Michelle Yeoh ya wuce a raina.

Maman Husna

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Zee mun kalli Nausicaä daren jiya, wurin da ta tsaya ita kaɗai a gaban garken ƙwarin nan Husna ta riƙe min hannu ba ta sani ba, yau da safe kuma na tarar ta zana ɗan jirgin sau huɗu tana ta gyara fukafukin. Seeta Aur Geeta ne na gaba. Tana tambaya wai Storm ɗin akwai ta a katun ko sai a komik?

Zee Mai Zane

Akwai Anti, katun ɗin X-Men na 1992, tana ciki tun fitowar farko. A zangon farko ki nemo inda suka shiga ramukan ƙarƙashin birni wajen Morlocks, mutanen da ke ɓoye a can, a nan tsoron matsattsen wurin ya kama ta sosai kuma a haka ta tsaya ta kara da shugabarsu Callisto. Dan Allah in ta gama fukafukin ki ɗauko mana hoton zanen mu gani.